Tayar mota a bayan babur: dabara ce ko ganganci?

 Ga rubutaccen shirin na yau domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Makon jiya ina zaune wurin mai faci a nan Bakura, sai wani ƙanena ɗan kabu-kabu ya miƙo min waya. Ya ce, "Yaya, dubi wannan. Bature ne ya sa tayar mota a bayan mashin ɗinsa, ya ce tana yi masa shekaru ba ta cinye ba. Mu me ya hana mu?" Na kalli bidiyon, na kalli tayarsa ta baya da ta zama sulɓi. Na san ba wasa ya sa shi tambayar ba, aljihu ne.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. Taya kuwa daga waje take zuwa. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop na Legas ya bi baya a 2008. Ga shi tayar baya ita ke shan wahala: ita injin ke turawa, ita ke ɗaukar fasinja, ita ke ɗaukar buhun shanshera daga gonakin Bakolori zuwa kasuwar Talata Mafara. To wanda ke sauya ta kowane ɗan lokaci, dole ya nemi mafita.

Mu fara da gaskiyar bidiyon. E, ana yi. A Amurka akwai masu manyan babura irin su Honda Gold Wing da ke sa tayar mota a baya, har suna kiran abin da suna darkside, wato ɓangaren duhu. Hujjarsu ita ce tayar mota ta fi araha, ta fi daɗewa, ta fi jure nauyi. Amma ku lura da irin mashin ɗin. Gold Wing ya haura kilo 350, injinsa ya kai na ƙaramar mota, gargarensa na baya faffaɗa ne, kuma yawancin tafiyarsa a miƙaƙƙiyar kwalta yake yi. Duk da haka, kamfanonin taya da na babura ba su amince da wannan ɗabi'a ba. Masu yi, da kansu suke ɗaukar kasadar.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa tayar babur take a zagaye kamar bayan ƙwarya, ta mota kuwa shimfiɗe kamar faifai? Amsar tana cikin yadda kowanne ke shan kwana. Mota tana juya tayoyin gaba, jikinta na tsaye a kan ƙafa huɗu. Babur kuwa sai ya kwanta gefe kafin ya sha kwana, duk wanda ya taɓa tuƙi ya san wannan a jikinsa. Saboda tayarsa a zagaye take, ko ya kwanta dama ko hagu, akwai roba mai zane da ke riƙe da ƙasa. Idan ka sa shimfiɗaɗɗiyar taya, da zarar ka kwanta sai ta ɗaga ta hau kan kafaɗarta. Mashin ya riƙa yi maka gardama kafin ya kwanta, in ya kwanta kuma ya tafi lokaci guda. Ga tayar gaba a zagaye, ta baya a shimfiɗe, kowace na son bin hanyarta. A kan burji mai tsakuwa ko kwaltar da ruwa ya jiƙa, nan ake zubewa.

Ku dubi Keke Napep. Tayoyinta sun fi na babur shimfiɗuwa, kuma ba matsala, don ita ba ta kwanciya a kwana. Kowace taya da aikin da aka ƙera ta dominsa.

Na biyu, girma. Boxer ɗin da ya cika garuruwanmu, mai injin 100, tayarsa ta baya 3.00-17 ce. Wato faɗinta inci 3, kusan milimita 76, gargaren kuma inci 17. Tayar ƙaramar mota irin Golf kuwa 175/70 R13 ce, faɗinta milimita 175. Ta ninka ta babur fiye da sau biyu. Ba za ta zauna a gargaren ba, ba za ta shiga tsakanin ƙarafan baya ba, za ta goge sarƙa. Kafin ta shiga sai an je wurin mai walda an yanke, an buɗa, an sauya gargare. Daga ranar, tayar baya ba lallai ta sake daidaita da ta gaba a layi ɗaya ba, kuma rayuwarka ta rataya a kan ɗinkin walda.

Na uku, bakin gargare. Ko da lambar inci ta zo ɗaya, yadda aka ƙera bakin gargaren mota daban yake da na babur. Idan taya ta ƙi zama, abin da wasu ke yi shi ne su yi ta ɗura iska har ta wuce ƙa'ida don ta hau da ƙarfi. Taya na iya fashewa a nan take, kuma fuskar da ke kusa da ita ta mai faci ce, sau da yawa ma yaron shagonsa.

Na huɗu, mai. Tayar mota ta fi ta Boxer nauyi nesa ba kusa ba, ga faɗi. Ƙaramin injin da ƙarfinsa bai wuce na doki 8 ba zai yi ta nishi kafin ya juya ta. Abin da ka tsira da shi a kuɗin taya, za ka mayar a gidan mai, da sarƙa, da kuloci. An gudu ba a tsira ba.

Zan yi adalci: a cikin yashi faffaɗar taya ba ta nutsewa kamar siririya, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya taso daga Damri ko Rini ba a yashi zai ƙare tafiyarsa ba. Zai fito Lambar Bakura, ya hau titin Sakkwato zuwa Gusau, ya haɗu da tireloli. Kuma duk mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba wanda ke son mashin ya mutu masa a daji da magariba.

To mene ne mafita? Ga abin da na faɗa wa ƙanen nan nawa.

Ka karanta gefen tayarka. Bayan 3.00-17 za ka ga wata lamba, misali 50P. Wannan 50 na nufin iyakar nauyin da za ta ɗauka kilo 190 ne. Ka lissafa buhu biyu na kilo ɗari-ɗari, ka ƙara kanka da nauyin mashin, za ka gane dalilin da ya sa take mutuwa da wuri. Mai ɗaukar kaya ya nemi taya mai kauri, wadda aka rubuta 6PR a jikinta.

Ka auna iska da ma'auni kowane mako, da safe kafin taya ta yi zafi, ka bi abin da kamfanin mashin ya rubuta. Latsawa da babban yatsa ba awo ba ne. Ƙarancin iska na sa taya ta yi zafi, ta cinye gefe, ta ƙara shan mai.

Ka duba ranar ƙira. A kan yawancin tayoyi akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Roba tana tsufa ko a shago take ajiye. Tayar gwanjo kuwa, dokar kwastan ta hana shigo da ita ƙasar nan, don haka ba ka san tarihin abin da kake saye ba.

Ka sa bakanike ya daidaita sarƙa da ƙafar baya, ya ɗaure sifok ɗin da suka saki. Gargaren da ya karkace yana cin taya gefe guda.

Sannan ku 'yan tasha ɗaya, ku yi adashin taya. Mutum goma in suka haɗa kuɗi suka sayo a Gusau ko Sakkwato lokaci guda, farashin ba zai zama ɗaya da na mai sayen guda ba.

Da na gama, ƙanena ya ce, "To Yaya, ashe Baturen ma kasada yake yi." Na ce shi kaɗai yake hawa nasa. Kai kuwa matar wani kake goyawa, da jaririnta a baya.

Bakanikai da masu faci da ke bibiyar shafin nan, in kun taɓa ganin an gwada wannan, ku faɗa mana yadda ta kaya. Ku tura wa ɗan kabu-kabun da kuka sani. Allah Ya tsare mana hanya, Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara. Sai mun haɗu a shiri na gaba.