Daga kaset zuwa memori: wa ke cin guminsa mawaƙi?

A shekarun 1990, duk wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram zai tarar da rumfunan masu kaset suna tashe. Daga Kano ake kawo kayan, musamman daga kasuwar Ƙofar Wambai, inda dillalai ke sayen waƙa a hannun mai ita su buga su rarraba. Ko a lokacin akwai masu satar fasaha, amma sai sun sayi na'ura da kaset kafin su kwafa, kuma muryar na dusashewa in an yi ta maimaita kwafi.

Zuwan MP3 ya rushe wannan shinge. A Amurka, dandalin Napster da aka buɗe a 1999 ya bai wa miliyoyin mutane damar musayar waƙoƙi kyauta, har kotu ta sa aka rufe shi a 2001. Ƙungiyar IFPI ta masu buga waƙoƙi ta ce kuɗin shigar harkar a duniya ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 tsakanin 1999 da 2014.

A ƙasar Hausa kuwa, salula ce ta yi aikin. Masu turi suka kafa tebur da kwamfuta a bakin tasha, suna cika wa mutum memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan ƴan canji. Daga nan aboki ya tura wa aboki ta Bluetooth ko Xender. Mawaƙin da ya biya situdiyo ba ya ganin ko dala. Rumfunan kaset da faifan CD suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai mawaƙa suka koma inda kakanninsu suka fito: gidan biki, taron siyasa da ƙofar masu hannu da shuni. Wasu na samun abin sakawa a baka daga YouTube, amma wanda ba ya da mabiya da yawa dole ya nemi ubangida. Mai cin abincin wani kuwa ba ya iya rera abin da zai ɓata masa rai, don haka waƙar gargaɗi da ta sukar masu mulki ke ƙaranci.

Nijar na da hukumar BNDA mai kare haƙƙin mallaka, Nijeriya ma ta sabunta dokarta a 2023. Abin da ya rage shi ne a tattaro masu turi a yi masu rajista, su riƙa biyan wani kaso da zai isa hannun mawaƙa.