Fitilun Sola da Ɓacewar 'Ya'yan Kaza a Suleja

Binciken da mujallar Science ta buga a Janairun 2023 ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2022 hasken da ke dusashe taurari ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Yawancin alkaluman daga Turai da Amurka aka tattaro su, amma duk wanda ya tsaya a unguwar Wambai ta Suleja cikin Disamba ya nemi gungun taurarin Kaza da 'Ya'yanta ya san abin ya iso mu. Laifin kuwa na irin fitilun da muke kafawa ne.

Yadda wannan gungu yake ne ya sa shi saurin nuna ɓarnar. Surayya, kamar yadda malaman hisabi ke kiranta, taurari ne fiye da 1,000 da aka haifa daga gajimaren iskar gas guda shekaru kusan miliyan 100 da suka wuce, a nisan da haske ke shafe shekara 440 kafin ya iso mu. Manya masu zafi da launin shuɗi kaɗan ne, sun fi taruwa a tsakiya. Mafi yawa ƙanana ne jajaye da ido ba ya gani ko a dokar daji. Galileo ya zana 36 a 1610 da madubinsa na hangen nesa. Ido kuwa shida ko bakwai yake kamawa, kuma a cikinsu Alcyone kaɗai ce mai ƙarfi sosai. Da samaniya ta ɗan yi fari sai Merope da Taygeta su shige, a bar mutum da huɗu.

A da, ɗaukewar wutar NEPA takan dawo wa gari da duhunsa. Fitilar sola ba ruwanta da wannan. Tana ci har asuba, farar LED ce, kuma galibi an karkata ta sama a kan sanda ba murfi, hasken na watsuwa inda ba mai tafiya. Ga hasken Madalla da Zuba da Abuja. Sannan lokacin da Kaza ke tsaka da sama da daddare shi ne lokacin hunturu, ƙurar hazo na tare hasken tana mayar da shi kanmu.

Masu cewa tsaro ya fi kallon taurari suna da hujja, kuma ba wanda zai so lungunsa ya koma duhu. Sai dai hasken da ya nufi sama bai taɓa korar ɓarawo ba. Batir kawai yake cinyewa.

Asarar ta wuce ta kallo. Faɗuwar Kaza a yamma cikin Afrilu tana daga alamun da manoma ke auna ƙaratowar damina da su, kuma yaron da bai taɓa ganinta ba ba zai gaji wannan lissafi ba. Gyaran bai da tsada: kamata ya yi ƙaramar hukumar Suleja ta sa sharaɗi a duk kwangilar fitilun titi cewa a sa murfi, a fuskantar da su ƙasa, a zaɓi masu launin ɗorawa.