Mai jinya a ƙasar Kurfai: aikin da ba shi da albashi

A farfajiyar asibiti, ko a Filinge ko a Yamai, kullum akwai mutane zaune bisa tabarmi. Wasu na hura wuta, wasu na wankin zannuwa, wasu na dama fura. Su ne masu jinya: uwa, miji, ƙane, kaka, wani lokaci har kishiya. Ba su da farar riga, ba mai biyansu. Amma da za su naɗe tabarminsu su tafi, da aikin asibiti ya tsaya.

Ma'aikatan lafiya kaɗan ne, marasa lafiya kuwa da yawa. Lokotoro shi ke duba mutum ya rubuta magani. Ma'aikacin jinya ya yi allura, ya sa ƙarin ruwa. Sauran aikin galibi na dangi ne: abinci, wanka, kai maras lafiya makewayi, juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, kai takarda a sayo magani, da tsaronsa cikin dare. A 2003 masu binciken zaman jama'a, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da littafi kan likitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Sun nuna wanda bai san kowa ba, kuma ba shi da mai tsaya masa, shi ya fi shan wuya. Ashe gaskiyar masu iya magana da suka ce ɗan'uwa rabin jiki.

A Abala nauyin ya fi yawa, saboda nisa. Abala ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Kafin nan tana cikin gundumar Filinge. Daga Abala zuwa Filinge ya wuce kilomita 60, daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180. Mutumin ƙauye ko na rugga sai ya fara kai wa ƙaramar likita, bisa amalanke ko raƙumi. A 2017 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Abala saboda tashin hankalin iyakar Mali, kuma a shekarun da suka biyo baya an hana yawo da babur. Babur kuwa shi ne motar asibitin talaka.

To, aikin mai jinya na farko tun a gida yake farawa, shi ne yanke shawara. A ce mace ta fara naƙuda da magariba. Gari ya waye ba ta sauka ba. Mijinta ya tafi biɗa Najeriya ko Libiya ko Abijan, kamar yadda mazan Kurfai da yawa ke yi bayan an gama girbi. Uwar miji ta ce a jira. Ƙanen miji ya ce shi ba shi da ikon sayar da akuya. Ita kuma, in cikin fari ne, kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Haka rana za ta faɗi ana neman mai gida a salula. Naƙudar da ta wuce wuni ko ta kwana haɗari ce: ɗa na iya mutuwa a ciki, mahaifa na iya fashewa, uwa na iya samun yoyon fitsari. Zubar jini bayan haifuwa ya fi wannan gaggawa, don yana iya kashe mace cikin awa biyu. Jijjiga ma ba ta jiran gobe.

Saboda haka namiji mai hankali, kafin ya ɗauki jakarsa, yakan tara mutanen gida ya faɗa gaban kowa: in abu ya taso, wane shi ne mai magana, ga dabbar da za a sayar, kada a jira ni. A jihar Damagaram an buɗe makarantun mazaje a 2008 da taimakon hukumar UNFPA, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. Irin wannan zama ba ya bukatar gini, inuwar gawo ma ta isa.

Sai zancen kuɗi. Dokar 1995 ta sa maras lafiya ya riƙa biyan wani abu a likitar gwamnati. A 2005 aka ɗauke kuɗin aikin fiɗa na ciro jariri. A 2006 aka ɗauke na yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki. Wannan ya taimaki talakawa ƙwarai. Sai dai gwamnati ta sha jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu, magani ya riƙa yankewa, dangi suka koma saye a waje. Kuma kyautar ba ta haɗa da kuɗin mota da abincin mai jinya ba. A wasu gundumomi an ƙara dala ashirin bisa kuɗin ganin likita, ana tara su don man motar ɗaukar marasa lafiya. Ya kamata mai gari ya tambayi shugaban likita yadda abin yake a wurinsu, ya sanar da jama'a tun ana lafiya.

Wa ya kamata ya raka maras lafiya? Sau da yawa tsohuwa ake turawa, don ita ce ba ta da aikin gona. Tsohuwa ta iya lallashi, ta iya haƙuri. Amma in aka ce ana bukatar jini, ba a ɗiban nata. In aka ce a sa hannu a takarda kafin fiɗa, sai ta ce ba ta da iko. Abin da ya fi shi ne mutum biyu: mace mai kula da jikin maras lafiya, da namiji ko mace mai ƙarfi, mai riƙe da kuɗi, wanda gida ya ba izini. In ɗayansu ya yi karatun yaƙi da jahilci, ya fi kyau, don zai karanta lokacin shan magani. Harshe ma abin dubawa ne. A Abala ana jin Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, ga kuma ƴan gudun hijirar Mali da suka sauka tun 2012. Maras lafiyar da ba ya jin harshen ma'aikaci, bakinsa shi ne mai jinyarsa.

Maganar jini tana tsorata mutane, har wasu su sulale su bar asibiti. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki na mayar da shi cikin ƴan makwanni. Ba ya rage ƙarfin noma, ba ya rage ƙarfin namiji. Ana karɓa daga mai lafiya da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50, kuma sai an auna jinin kafin a ƙara wa wani. Lokacin damina, sa'ad da masassarar cizon sauro ke shanye jinin yara, leda guda tana tashin yaron da aka fid da rai da shi.

Akwai kuma ɓarnar da ƙauna ke jawowa. Wani ya ga ƙarin ruwa na ɗiga a hankali, sai ya murɗa don ya yi sauri. Wannan na iya cika huhu da ruwa. Wata ta ɓoye jiƙo cikin zane ta ɗura wa wanda aka yi wa fiɗa, alhali an ce kada ya sha komai tukuna. Wasu su ɗauke maras lafiya cikin dare da zarar ya buɗe ido. In an riga an ba shi maganin gargajiya a gida, a faɗa wa lokotoro gaskiya. Kuma abin da lokotoro ya faɗa game da ciwon mutum amana ce, ba labarin bakin rijiya ba. Maras lafiyar da ke cikin hankalinsa, shi ya kamata a fara tambaya kafin a yanke komai a kansa.

Bayan sallama aiki bai ƙare ba. Maganin tarin fuka wata 6 ake shansa, kuma mai yankewa a tsakiya ciwon na dawo masa da ƙarfi. Sai da ɗan'uwa mai tuna masa kowace safiya. Tun 2013 ake raba wa yara maganin riga-kafin masassara a damina: ma'aikaci ya ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa. Iyaye mata kuma sun koyi auna damtsen yaro da ɗan madauri mai launi uku. In ya nuna ja, tamowa ta yi tsanani, sai likita ranar nan.

Mai jinya shi ma mutum ne. Yana kwana a ƙasa, sauro na cizonsa, gonarsa na can ciyawa na cinye ta, dabbobinsa na hannun yara. A ba shi gidan sauro da sabulu cikin kayan tafiya. In jinya ta wuce mako, a aika wani ya canje shi. Waɗanda suka rage a gari kuwa su yi masa gayya su nome gonarsa, su shayar da bisashensa har ya komo.