Masters of Sex: Labarin likita da bazawarar da suka kai sirrin kwanciyar aure ɗakin bincike

Ranar 24 ga watan Yulin 2013 wata dattijuwa mai shekara 88 ta rasu a birnin St. Louis da ke jihar Missouri a Amurka. Ta daɗe da janye jiki daga idon jama'a, har ta koma amsa sunan Mary Masters. Amma shekaru arba'in da suka wuce kafin nan, da wuya a samu gidan da ba a san sunan Virginia Johnson ba a ƙasar.

Wata biyu bayan rasuwarta, ranar 29 ga Satumba, tashar Showtime ta fara haska wani fim mai dogon zango mai suna Masters of Sex, wanda aka gina kan rayuwarta da ta abokin aikinta, daga baya kuma mijinta, Dakta William Masters.

Su biyun ne suka ɗauki abin da mutane ke jin nauyin furtawa ko a gaban likita, wato abin da ke faruwa a jikin mace da namiji lokacin saduwa, suka shigar da shi ɗakin bincike suka auna shi da na'urori kamar yadda ake auna bugun zuciya ko hawan jini.

Fim ɗin a taƙaice

Marubuciya Michelle Ashford ce ta tsara fim ɗin, ta ɗauko labarin daga littafin tarihin mutanen biyu da ɗan jarida Thomas Maier ya wallafa a 2009. Jarumi Michael Sheen, ɗan yankin Wales na Birtaniya, shi ya fito a matsayin Dakta Masters, Lizzy Caplan kuma ta fito a Virginia.

An yi zango huɗu, kashi 46, kafin tashar ta rufe shi a ƙarshen 2016. Labarin ya fara ne a 1956, kuma masu shirya shi sun yi ƙoƙari wajen dawo da Amurka ta wancan zamani: manya-manyan motoci, likitoci na zuƙar taba a cikin asibiti, ma'aurata na kwana a gadaje biyu cikin ɗaki ɗaya.

Wanda ke da niyyar nemansa ya sani tun yanzu: fim ne na manya, cike yake da fitowar tsiraici, ba irin wanda ake kunnawa a falo yara na zaune ba ne. Sai dai labarin da ke bayansa ya fi wannan faɗi, domin ya shafi jahilci, da kunya, da iko, da yadda ake kwana a gida ɗaya shekara da shekaru ba tare da an san damuwar juna ba.

Su wane ne Masters da Johnson?

An haifi William Masters a 1915. Ƙwararren likitan mata ne a Jami'ar Washington da ke St. Louis, ya yi suna wajen taimakon matan da ke neman haihuwa. Abin da ya dame shi shi ne, likitoci sun san yadda ake karɓar haihuwa ciki da bai, amma abin da ke kawo cikin kansa kusan babu wanda ya taɓa nazarinsa a ilmance.

Kafin shi, Alfred Kinsey na Jami'ar Indiana ya fitar da rahotanni biyu, a 1948 kan maza, a 1953 kan mata. Sai dai Kinsey tambayar mutane ya yi, suka faɗa masa abin da suka ga dama. Masters kuwa so yake ya gani da idonsa, ya auna.

Da farko ya fara da mata masu zaman kansu, yana yi musu tambayoyi. Bai jima ba ya gane abu biyu: ba za a ɗauki waɗannan mata a matsayin ma'aunin sauran mata ba, kuma shi namiji ba zai taɓa fahimtar abin da mace ke ji ba sai da mace a gefensa.

A nan Virginia Johnson ta shigo. An haife ta a 1925, ta taɓa yin waƙa, aurenta ya mutu, tana riƙe da 'ya'ya biyu, ba ta da digiri ko ɗaya. Aikin ofis ta zo nema. Amma tana da abin da likitan ya rasa: sakin fuska da iya magana. Masters mutum ne mai ɗaure fuska, ba a ganin haƙoransa. Ita ce ke zama da ma'aikatan jinya da ɗalibai da matan aure, ta kwantar musu da hankali har su yarda su shiga binciken.

Abin da suka gano

Daga 1957 zuwa tsakiyar shekarun 1960, mata 382 da maza 312 ne suka shiga binciken. An riƙa maƙala musu wayoyin auna bugun zuciya da numfashi da motsin jijiyoyi, aka naɗi bayanai har sau kusan 10,000.

A 1966 suka fitar da littafinsu na farko, Human Sexual Response. Da gangan suka rubuta shi da busasshen harshen likitoci don kada a ce batsa suke tallatawa. Duk da haka ya yi kasuwa kamar littafin labarin soyayya.

A ciki suka ce jikin mace da na namiji duka suna bin matakai huɗu ne: motsuwar sha'awa, da hauhawarta, da kaiwa ƙololuwa, sai komawar jiki daidai. Sun nuna cewa namiji na buƙatar hutu bayan ya kawo, mace kuwa tana iya sake kaiwa ba tare da wannan hutu ba.

Sun kuma rusa wata tsohuwar fahimta ta masanin halayyar ɗan'adam Sigmund Freud, wanda ya raba gamsuwar mace gida biyu, ya ce ɗaya ta cikakkiyar mace ce, ɗaya kuma ta wadda ba ta gama girma ba. Wannan magana ta sa an shafe shekaru ana yi wa mata da yawa kallon marasa lafiya. Na'urorin Masters da Johnson sun nuna cewa a jiki abu ɗaya ne ke faruwa.

Haka kuma sun nuna cewa girman gaba ba shi ne ma'aunin gamsarwa ba, kuma tsufa kaɗai ba ya rufe ƙofar kwanciyar aure ga mai lafiya.

Auren ne mara lafiya

Littafi na biyu, Human Sexual Inadequacy, ya fito a 1970, shekarar da mujallar Time ta sa hotonsu a bangonta. Shi ne ya fi taɓa rayuwar ma'aurata kai tsaye.

A lokacin, mai fama da raunin gaba ko saurin kawowa, ko macen da ke jin zafi ko rashin gamsuwa, yakan shafe shekaru yana sintiri wurin likitan ƙwaƙwalwa. Masters da Johnson suka zo da tsarin mako biyu kacal. Miji da mata za su zo tare, likitoci biyu, mace da namiji, su zauna da su. Ƙa'idarsu ita ce ba a ɗora laifin kan mutum ɗaya: zaman da ke tsakanin su biyun shi ne ake yi wa magani.

Sun lura cewa babban abin da ke karya namiji shi ne fargabar gazawa. Ya gaza sau ɗaya, gobe ya zo yana sa wa kansa ido, fargabar ta sake kayar da shi. Don haka sukan hana ma'aurata saduwa a kwanakin farko, su ce su tsaya ga taɓa juna da faɗa wa juna abin da kowa ke so, har tsoron ya gushe. Har yau masu ba ma'aurata shawara a sassan duniya na amfani da wannan dabara.

Inda fim ya fi ƙarfi

Abin da ya sa masu sharhi suka yaba wa fim ɗin ba ɗakin binciken ba ne, gidajen mutanen da ke kewaye da shi ne.

Akwai Libby, matar Dakta Masters, wadda Caitlin FitzGerald ta fito a matsayinta. Tana shan allurai da gwaje-gwaje don neman haihuwa, tana ganin laifin kanta, alhali mijinta, babban likitan haihuwa, ya san matsalar daga wurinsa take, ya yi shiru. Duk wanda ya san yadda ake saurin nuna mace da yatsa a gidajenmu idan haihuwa ta yi jinkiri, ba sai an fassara masa wannan ba.

Akwai kuma Margaret Scully, matar wani babban jami'in jami'ar, wadda ta je shiga binciken, tambayoyin da aka yi mata suka sa ta gane cewa a duk tsawon aurenta ba ta taɓa sanin abin da ake kira gamsuwa ba. Allison Janney ta ci kyautar Emmy a 2014 da wannan rawa. Ita da mijinta ƙirƙirarru ne, ba su cikin tarihi, kamar yadda tashar ta riƙa sanarwa a zango na uku cewa 'ya'yan da ake nunawa a fim ɗin ma ƙirƙira ce.

Tabon da ke jikin aikin

Fim ɗin bai mayar da Masters waliyyi ba, tarihi ma haka.

Tun a kashin farko an nuna shi yana gaya wa Virginia cewa su ma ya kamata su shiga binciken da jikinsu. Wannan ba ƙirƙira ba ce. A hirarta da Thomas Maier, ta nuna cewa ta fahimci abin a matsayin sharaɗin ci gaba da aikinta. Shi babban likita ne mai aure, ita kuwa ma'aikaciyarsa ce mai 'ya'ya biyu da ba ta da takardar da za ta nemi wani aiki da ita. A yau wannan sunansa cin zarafi a wurin aiki.

Sannan a cikin waɗanda aka yi binciken da su akwai waɗanda aka haɗa ba tare da aure ko sanin juna ba, abin da ya saɓa wa tarbiyyar mafi yawan al'ummomi, har da Amurkawan wancan lokaci.

Masana ma sun yi nasu sukan. Akasarin mutanen da aka auna farar fata ne masu ilimi, kuma waɗanda za su iya sakin jiki a gaban na'ura da idon baƙo, don haka ba lallai su wakilci kowa ba. Likita Helen Singer Kaplan ta nuna cewa matakan nan huɗu sun tsallake abu mafi muhimmanci, wato son yin abin tun daga zuciya. A 1980 wasu masana biyu, Bernie Zilbergeld da Michael Evans, sun ce alƙaluman nasarar da suka bayar ba su da ma'auni bayyananne.

Littafinsu na 1979, wanda ya yi iƙirarin sauya masu neman jinsi ɗaya, ya fi jawo shakku. Maier ya ruwaito cewa abokin aikinsu Robert Kolodny ya nemi ganin takardun waɗanda aka ce an yi wa maganin, bai samu ba. Na 1988 kan cutar ƙanjamau kuwa, jami'an lafiya sun zarge shi da tsorata jama'a da hanyoyin kamuwa da ba a tabbatar ba.

Ƙarshen tafiya

Masters ya rabu da Libby, ya auri Virginia a 1971. Cibiyar da suka kafa a 1964 ta koma amsa sunayensu a 1978. Fim ɗin ya tsaya ne a ɗaurin aurensu, bai kai ga abin da ya biyo baya ba.

A 1993 auren ya mutu. Masters, yana dab da shekara 80, ya koma ya auri wata da ya so tun yana saurayi. An rufe cibiyar a 1994, shi kuma ya rasu a 2001 bayan fama da cutar karkarwar jiki ta Parkinson. Mutanen da suka koya wa dubban ma'aurata yadda za su yi magana da juna, nasu auren bai tsira ba.

Duk da haka, tambayar da suka tayar tana nan. A garuruwanmu, mai maganin ƙarfin maza na yawo da lasifika a tasha da kasuwa, masu kayan mata sun cika Instagram da TikTok, amma miji da mata su tafi asibiti tare kan matsalar shimfiɗa abu ne da har yanzu ake jin nauyinsa. Alhali likitoci sun tabbatar cewa raunin gaba kan zama alamar ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya, kuma jinkirin haihuwa kan fito daga namiji kamar yadda yake fitowa daga mace.

Ba sai mutum ya yarda da hanyar da Masters da Johnson suka bi ba kafin ya ɗauki wannan darasi. Hausawa sun riga sun faɗa: ciwon da aka ɓoye, shi ke wuyar magani.