Neman iccen da ake yi wa babban gogen Turawa shafi

Cikin kayan kiɗan Turawa masu tsirkiya da izga, babu wanda ya kai kwantarbas girma. Tsawonsa ya kan kai mita 1 da santimita 80, mai kaɗa shi a tsaye yake ko bisa doguwar kujera, tsirkiyoyinsa huɗu kuma suna jan jikinsa da ƙarfin da ya haura kilo 100. Amma duk girman nan, katakon da ya kewaye cikinsa, wanda za mu kira haƙarƙari, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba.

Bakin katako siriri haka ba ya iya riƙe fuskar gogen da bayansa. Shi ya sa masu sana'ar ke liƙa wani siririn icce ta ciki, yana bin bakin haƙarƙarin sama da ƙasa, domin manne ya samu wurin kamawa. Faransawa na ce masa contre-éclisse. Duk wanda ya san shafin babbar riga ya gane aikinsa: ba a ganinsa, amma in ya ɓalle sai goge ya fara zuza, haƙarƙari ya tsage. Kayan da ya kai shekara 100, wanda kuɗinsa ke iya kai miliyoyin sefa, sai ya lalace saboda ɗan icce mai faɗin yatsa.

To, da wane icce za a maye shi? Nan gardamar take. A birnin Kiremona na Italiya, Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya fi yin shafi da iccen saule, mai tsirowa a bakin rafi. Maƙwabcinsa Guarneri del Gesù shi kuwa épicéa ya fi so, wato iccen da ake yin fuskar gogen da shi. Har yau masu gyara sun rabu haka, wasu kuma na ɗaukar tilleul ko peuplier. A ganinmu masu saule sun fi hujja. Ba shi da nauyi, wuƙa na cinsa cikin sauƙi, kuma in an jiƙa shi an ɗora bisa ƙarfe mai zafi ya kan lanƙwasa ba tare da ya karye ba, abin da épicéa ke yawan ƙi a wurin ƙugun gogen, inda lanƙwasar ta fi tsanani. Aibinsa ɗaya: ƙwaro na sonsa. Sai dai ƙa'idar gyara ta fi son rai, domin irin iccen da aka tarar a ciki shi ake mayarwa.

Samun sa ne wahala. Masu sayar da katako ba su cika ajiye saule ba, don ba a gini da shi. Mai ƙaramin goge guntu ya ishe shi, amma shafin kwantarbas na ƙasa ya haura rabin mita, kuma dole ya zo miƙe, ba ƙulli, jijiyarsa ba ta karkace ba. Don haka ake faskara shi maimakon a yanka da zarto, sannan a bar shi shekaru ya bushe. Wasu kan yi cigiya wajen masu saran itatuwa a ƙauye, wasu su nufi Ingila, inda ake noman saule domin sandunan wasan kurket. Épicéa ya fi samuwa, tunda ragowar da aka yanke daga fuska ta wadatar, ko da yake guguwar Vaia ta watan Oktoba 2018 ta kayar da itatuwa masu yawa a dajin Paneveggio da ya yi suna wajen wannan icce.

Ƴan kasuwarmu na katako za su ce, ina samba, farin katakon da ke zo mana daga ƙasashen bakin teku? Ba shi da nauyi, yana kama manne, gaskiya ne. Amma shi ma ƙwaro na ci, kuma in ya iso da ɗanyensa, hunturu guda ya isa ya tsuke ya ja haƙarƙarin ya tsaga.

Mannen ma ba kowane ba. Na fatar dabba ake narkawa a zafin digiri 60, a shafa, a matse shafin da ƙananan matsai jere da juna. Zafi da ruwa na sake shi, saboda haka mai gyaran da zai buɗe gogen bayan shekaru 50 zai iya cire shafin da wuƙa ba tare da ya ɓata haƙarƙarin ba.