Ƙarin kuɗin haya a Ingila: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Watan Afrilu rani ne tsantsa a gida, garin Gedambaliya. Dawa da riɗin bara sun fara ja baya, ido na kan ɗan abin da 'yan'uwa ke aikowa daga waje. A Ingila kuwa watan ƙarin kuɗin haya ne ga mazauna gidajen ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin gidaje. Shi ya sa war haka saƙonnin murya ke ta kai da kawo a WhatsApp, kowa ya zama lauya.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce wai ba sai ka sanar da ƙarin hayar ba, ai gwamnati ta sani. Ga mai karɓar tallafin Universal Credit, ba haka ba ne. Ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, tana ajiye masa saƙo a shafinsa na intanet, shi zai shigar da sabon kuɗin da hannunsa, sannan a nemi masu gidan su tabbatar. Ko da kai tsaye ake tura musu kuɗin, shi bai taɓa ganin ko fam ɗaya ba, nauyin yana wuyansa. Amma maganar tana da tushe. A tsohon tallafin Housing Benefit, wanda ƙaramar hukuma ke biya, in gidan nata ne galibi ita ke gyara lissafin da kanta. Dattawan da suka kai shekarun fansho har yau a kansa suke, to sai su ba yara shawarar da su kaɗai ta yi wa daidai.

Wasu kuma gaggawa ce ke cin su, wai da wasiƙar ƙarin haya ta iso a garzaya a sanar. Wasiƙar takan zo kimanin wata guda kafin ƙarin, amma ba a shigar da shi sai ranar da ya fara aiki ko bayanta.

Masu cewa jinkiri asara ne, nan kam sun yi gaskiya. Wata-wata ake lissafin tallafin, kuma ƙarin yakan fara ne daga watan lissafin da ka sanar a cikinsa. Watannin da suka wuce sun wuce, sai da ƙwaƙƙwaran uzuri. A Afrilun 2024 an yarda a ƙara haya har kashi 7.7 cikin ɗari, a 2025 kuwa 2.7. Mai biyan fam 100 a mako, ƙarin 2024 ya kai masa kusan fam 33 a wata. Ya yi shiru wata shida, bashin kusan fam 200 ke nan, kuma daga kuɗin da zai aiko gida na iri da garma za a cire.

Sai tsoron takardu, wai sanarwa tana taɓa izinin zama. Wanda aka ba matsayin ɗan gudun hijira haƙƙinsa yake karɓa. Abin da ke jawo masifa shi ne ɓoye ragi: in hayar ta sauka ka yi gum, za a karɓe rarar da aka biya ka, ana ma iya ɗora tarar fam 50.

Kada kuma a ɗauka sanarwa na nufin za a biya komai. Mai ɗakin kwana ɗaya fiye da wanda doka ta ƙiyasta masa, ana zaftare kashi 14 na hayar, biyu ko fiye kashi 25. Kuɗin ruwa da na ɗumama ɗakinsa ma daga aljihunsa suke fita.