Daga Bante Zuwa Babbar Riga: Suturar Maza a Ƙasar Tasawa da Mayahi a Ƙarni na 19

A ƙarni na 19, kafin mutum ya buɗe baki a kasuwar Tasawa, tufafinsa sun riga sun faɗi ko shi wane ne. Dalilin haka yana cikin inda garin yake da kuma wahalar da ake sha kafin a sami riga guda.

Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarakunan Katsina da na Gobir da aka kora sun yi arewa, suka kafa Maraɗi da Tsibiri, ƙasar Tasawa da ta Mayahi suka kasance cikin wannan yanki da bai bi Sakkwato ba. Sai dai gaba ba ta tsayar da fatauci ba. Tasawa tana kan hanyar ayarin Abzinawa masu gangarowa da gishirin Bilma zuwa Katsina da Kano, su komo da tufafi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a garin a watan Janairun 1851, ya tarar da marina tana aiki, ana kuma ciniki da wuri.

Riga daga gona take farawa. Mata ke gurje auduga su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa shi sawaye, wato ƙyallaye masu tsawo da faɗinsu bai wuce 'yan yatsu ba. Maɗinki ya jera sawaye masu yawa ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. In baƙa ake so, sai a kai marina, a tsoma a karofi cikin ruwan baba da toka, a fitar a shanya, a sake tsomawa har launin ya kama. Daga nan mabuga su shimfiɗa ta kan gungume, su zuba shuni, su yi ta bugu har ta ɗauki ƙyalli. Wannan ita ce kore, kuma garin Kura na ƙasar Kano ne ya yi fice a wannan aiki, har ake kiran rawaninsa ɗan Kura. Shunin yana zuba a jikin mai sa shi, kuma ba a ɗaukar haka aibi, ado ne.

Kowane mataki ƙarin kuɗi ne, shi ya sa sutura ta rabu hawa-hawa. Yaro ƙarami yakan yi yawonsa haka nan, in an yi masa kaciya ya ɗaura bante, in ya tasa a ɗinka masa taguwa. Manomi da maharbi a ƙauyukan Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi, sukan ɗaura warki na fatar akuya, su kifa malfa saboda rana. Malami da bafatake kan sa farar riga ko saƙi, mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo, da wando mai faɗi. Sarakai kuwa sukan ɗora riga kan riga, da aikin aska biyu ko aska takwas a ƙirji, wanda ake yi da tsamiya, silikin gida, ko alharini da ake ƙetaro Sahara da shi. Jar dara da alkyabba ma ta wannan hanya suke zuwa daga Arewacin Afirka. Rawani mai amawali, wanda ke rufe baki da haɓa, ya haɗa sarakan Hausa da Abzinawa.

Tunda riga tana da tsada kuma ba ta saurin lalacewa, ta zama ajiyar dukiya. Sarki yakan tufatar da barorinsa da makaɗansa, ana biyan bashi da ita, ana raba ta a gado. Saboda haka yayin tufafi a wancan zamani bai cika sauyawa daga shekara zuwa shekara ba. Abin da ke sauyawa shi ne matsayin mai sawa. Har yau a Tasawa da Mayahi, ba a cewa an ba mutum sarauta sai an naɗa masa rawani.